Bindigar gasa ta fara watsa min harsashi, laifinta ne ko nawa?

Bakatsine_a_Jamus

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar wasan harbi ina neman shawara, kuma tun kafin wani ya fara min wa'azi, ba bindigar yaƙi nake magana ba, ƙaramar bindigar iska ce ta gasa irin wadda ake harbin mita 10 da ita a Olamfik, hannu ɗaya, harsashinta ɗan dalma ne mai faɗin milimita 4.5. A nan Jamus in dai ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne) kuma tana da tambarin F da ake buga wa irinsu, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya saye. Ina cikin wani kulob na unguwarmu, da bindigar kulob na fara, daga baya na tara 'yan kuɗi na sayi ta hannu wajen wani dattijo da ya daina wasa saboda ido.

Da farko lafiya lau wlh, a harbi 40 da muke yi a gasar yankinmu ina samun 355 zuwa 360 cikin 400, ni a wajena ba laifi. Amma tunda sanyi ya shigo abu ya lalace, yanzu 330 da ɗoriya nake fama, kuma abin da ya fi ɗaure min kai iri biyu ne. Akwai waɗanda suke sauka ƙasa ta hagu, 8 ko 7, su kam wani lokacin ina jin sun tafi tun kafin na duba allo. Sai kuma wasu da zan rantse saiti ya zauna daram, a raina na ce wannan 10 ne, ina dubawa sai in ga 8 a sama ko a ƙasa, babu tsari, yau nan gobe can. Na murɗa saiti ya fi a ƙirga, na canza gwangwanin harsashi, duk ɗaya. Kocinmu ba shi da lafiya ya kwana biyu bai zo ba, su kuma tsofaffin kulob da ka yi magana sai su ce bindiga ba ta kuskure mai ita ne ke yi, su ci gaba da shan kofi abinsu. Toh ni ta yaya zan gane nata ne ko nawa? Kar in je in kashe kuɗin gyara a banza.

Tsohon_Soja

Wa alaikumus salam dana. Ni ban taba rike irin wannan taku ta iska ba, mu fistol din aiki muka sani da hannu biyu, amma kasa ta hagu din nan ga mai harbi da dama ba sabon abu bane, duk wanda ya taba koyar da kurata a filin harbi ya san shi. Fizgar kunama kake yi. Kana ganin saiti ya zo tsakiya sai zuciyarka ta ce yanzu yanzu kafin ya gudu, sai ka figa, sauran yatsun su matse tare da manuniya, bakin bindiga ya sunkuya ya karkata hagu. Ba a kama tsakiya da sauri, hannu ba zai taba tsayawa cak ba ko na waye, ka bar shi yana dan yawonsa kai kuma kana matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta. Kuma ka daina taba saiti haka kawai, wanda harbinsa bai taru waje daya ba me zai gyara da saiti? Sai sun taru tukuna ake matsar da su. Allah ya bada sa'a.

Abba_Fagge

Kai jama'a, mutane suna can suna neman na biredi wani yana kukan ya samu 8 maimakon 10 😂 Malam ka sa hannu a aljihu kawai kamar ɗan Turkiyyan nan na Olamfik, shikenan magana ta ƙare.

'Yar_Damagaram

Abba, Yusuf Dikeç kake nufi, wanda ya ci azurfa a Paris 2024 shi da Şevval İlayda Tarhan a gasar haɗaka ta mace da namiji. Sa hannu a aljihu ai kusan kowa na yi a wasan nan, ko a aljihu ko a maƙale a bel, don kafaɗar da ba ta aiki ta zauna waje ɗaya, shi dai hotonsa ne ya yi farin jini don tabarau na yau da kullum ya sa. Shekarunsa 51 a lokacin kuma ya daɗe yana abin nan, ba aljihun ba ne.

Malam Bakatsine, ni a Faransa nake kuma wannan wasan nake yi, bari in ɗan yi tsawo ka yi haƙuri. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne amma rabin matsalarka kawai ya taɓa. Na ƙasa ta hagu da kake jin tafiyarsu, wannan naka ne ko na yadda aka saita kunamar. Waɗanda ka kira 10 suka fito 8 su ne abin bincike, don in mutum ya iya kiran harbinsa kuma allo yana ƙaryata shi, toh ko dai idonsa ba ya kan inda ya kamata, ko wani abu yana motsi a jikin bindigar.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ɗaya hannun ka kama jikin ƙarfen ka ɗan jijjiga sama da ƙasa, hagu da dama. In ka ji ko ɗan ƙyas, ka samo ɓarawon. Ƙotar katako ce, kuma katako yana shan danshi yana bushewa, lokacin sanyi da ake kunna hita a gidaje iskar ɗaki takan bushe ƙarau sai katakon ya ɗan tsuke, sukurun da ya riƙe shi ya saki. Ka ce da shigowar sanyi abin ya fara, shi ya sa na kawo wannan a gaba. Ka duba har da ɗan katakon ƙasa da gefen tafin hannu yake zama a kai, shi ma da sukuru yake, in ya zame ƙasa hannunka zai riƙa iyo a ciki, kowane ɗagawa da irin riƙonsa. Sannan tsinken saiti na gaba da tsagar baya, su ma taɓa su da yatsa ka ji ko suna rawa, da ƙarafan nauyi in tsohon mai ita ya ɗaura mata.

Dalilin da ya sa nake damuwa da ɗan motsi: tsakanin tsagar baya da tsinken gaba wajen santimita 35 ne, allo kuma yana mita 10, wato duk kuskuren da aka yi a jera su biyun yana ninkuwa kusan sau 28 kafin ya isa takarda. Rabin milimita kacal ya zama milimita 14 a allo. Zoben 10 gaba ɗaya faɗinsa milimita 11.5 ne, na 9 kuma 27.5, ka ga rabin milimita ya riga ya kai ka bakin 9, milimita ɗaya kuwa kana cikin 7. Wannan lissafin shi ne kuma ya sa ake cewa ido ya tsaya kan tsinken gaba, baƙin allon ya zama dishi-dishi. Da yawa in maki ya fara zubewa sai ido ya riƙa tsallakawa allo yana leƙen inda zai faɗa, tsinke ya ɗan yi sama ko ƙasa a cikin tsaga ba ka lura ba, kai kana ganin komai daidai. Gwajinsa mai sauƙi ne, juya takardar ta baya ka harbi farin kawai guda goma ko ashirin. In suka taru fiye da yadda suke taruwa a baƙi, toh idonka ne ke yawo.

Wani abu kuma tunda a Jamus kake, haruffan da ke jikin maɓallan saiti, H da T da L da R (wato sama, ƙasa, hagu, dama a Jamusance), a yawancin bindigogin gasa na can ana murɗawa ne zuwa harafin inda harsashi yake faɗawa, ba inda kake so ya koma ba. Ya faɗi hagu, ka murɗa wajen L. Mutane da yawa suna yin akasin haka su ƙara nisanta kansu, ka duba littafin taka ka tabbatar.

Bakatsine_a_Jamus

Baba na gode Allah ya ƙara girma, zancen fizga kam ba zan musa ba. Hajiya 'Yar Damagaram Allah ya saka da alheri, maganar haruffa koci ya nuna min tun farko, wannan ba matsala. Amma ƙota ban taɓa kawo ta a raina ba. Yanzu bindigar tana kulle a kabad ɗin kulob sai na je. Iska fa? Wani a kulob ya ce min wai ƙila regileta ce ta gaji.

Injiniya_Mai_Kwana

Ni ta ɓangaren iskar zan shigo, don da na karanta sama da ƙasa ɗin nan abin da ya fara zo min kenan, amma da na zauna na buga lissafi sai na rage zargi. Irin waɗannan bindigogin suna fitar da harsashi a wajen mita 150 cikin daƙiƙa. A wannan gudun kafin ya ci mita 10 nauyinsa zai sa ya sauka kamar milimita 22, in an ajiye tirjiyar iska gefe, kuma saitinka ya riga ya ɗauke wannan. In gudu ya ragu zuwa 140 saukar ta zama 25, bambancin milimita 3 kenan, ko daga 10 ba lallai ya fitar da kai ba. Sai ya faɗo wajen 120 kafin ka ga bambancin milimita 12. Kafin iska kaɗai ta jefa ka 7 sai gudu ya zube kusan 100, kuma wannan ko kurma zai ji ƙarar ta canza, za ka ji ta yi fus maimakon ƙarar da ka saba. Sannan ƙarancin iska ƙasa yake kai harsashi, kai kuma ka ce har sama kana samu. Don haka ban cire regileta gaba ɗaya ba amma ba ita ce ta farko a layi ba.

Duk da haka ga abin da zan duba. Silinda, wato tulun iskar bindigar, ana cika ta zuwa bar 200 (ma'aunin matsin iska) a yawancinsu, regileta ce take rage wannan matsin ta ba kowane harbi iska daidai wa daida, in abin da ke cikin silinda ya yi ƙasa da abin da regileta take buƙata toh daga nan kowane harbi sai ya fi na baya rauni. Ka lura ko matsalar ta fi yawa a ƙarshen zama, kuma allurar geji tana ina lokacin. Geji ɗin nan na bakin silinda ba abin yarda ba ne ɗari bisa ɗari musamman tsoho, kuma dan Allah in za ka duba shi kwance silindar tukuna, kar ka leƙa ta gaban bindiga. Na biyu ƙaramar robar nan da ke toshe bayan bututu in ka rufe bayan ka sa harsashi, in ta tsage ko ta taurare iska tana tsira ta nan. Ɗora ɗan yankin tishu a wajen ka harba zuwa allo, in ya yi tsalle akwai yoyo. Robar ba ta da tsada. Na uku ka cika silinda ka rubuta inda allura take ka bar ta kwana biyu, kamar yadda mai faci yake gane tayar da ke sacewa a hankali.

Kusan duk kulob mai rai yana da na'urar auna gudun harsashi, ka roƙa a auna maka guda goma a jere da cikakkiyar silinda, sannan goma in ta yi rabi. In bambancin bai wuce mita biyu uku ba ka manta da regileta. Kuma kar ka kuskura ka buɗe ta da kanka ko ka ɗiga man inji ko wani mai na fetur a hanyar iska, mai da iska mai matsi irin wannan suna iya kamawa da wuta. Wannan aikin masu gyara ne.

'Yar_Damagaram

Injiniya ya gama magana kan iska. In ƙara da harsashi tunda ka ce ka canza gwangwani: a ƙasan gwangwanin ko a gefe za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50 ko makamancin haka, faɗin kan harsashin kenan, kuma kowane bututu da wanda ya fi so. Amma gaskiya a matakinmu, in dai na gasa ne mai faffaɗan kai irin su RWS R10 ko H&N Finale Match, bambancinsu a bindigar hannu bai kai ya fitar da kai daga 10 zuwa 8 ba, masu doguwar bindiga ne suke haukan gwajin nan don nasu 10 ɗin ɗigo ne na rabin milimita. Abin da zai cuce ka shi ne gwangwanin da ya faɗi ƙasa siket ɗin harsasan, wato bakin bayansu, suka lanƙwashe, ko tsoho da ya yi fari-fari. Bututu kuma 'yan ƙullin tsabtacewa na ulu sun isa, kar ka zura masa ƙarfe ta baki.

Hukuncin ƙarshe dai bais ne, wato ƙarfen nan na matse abu a kan teburi don kar ya motsa. A ɗaure bindigar a bais a harba goma, lafiyayya rami ɗaya za ta yi maka wanda bai fi harsashin faɗi sosai ba. Sai dai ka sani yawanci sai an cire ƙota ake ɗaurewa, wato bais zai wanke bututu da regileta amma ba zai ce komai kan ƙota ba. Dora ta a kan jakar yashi ba ya maye gurbin wannan, na ga masu yi suna ƙara rikita kansu.

Tsohon_Soja

Yar nan kin burge ni wallahi. Ni dai ina nan kan bakana, ko an daure duk sukurun duniya sai ya gyara yatsa.

Bakatsine_a_Jamus

Toh jama'a na dawo da labari. Ƙota ce. Ina jijjigawa na ji ta tana ƙyas ƙyas, da mai kula da kayan kulob ya sa makulli sai da sukurun ya yi kusan rabin juyi kafin ya kama, katakon tafin hannu shi ma ya zame ƙasa, mun mayar mun ɗaure. Tunda an riga an taru ya ce mu gama gaba ɗaya, ya cire ƙotar ya ɗaura a bais, goma rami ɗaya. Na'urar gudu ta nuna 150 da 'yan kai, bambanci kaɗan, tishu bai motsa ba. Injiniya regileta ta fita kunya.

Sai kuma abin da ban zata ba, ya rataya ma kunamar nauyin gwaji na giram 500 ta ɗauka, ya ƙara wani a kai ta ɗauka, sai wajen 600 ta tashi, kuma kusan duk nauyin a mataki na biyu yake, wato ka ja sako-sako sai ka ci karo da bango. Ya ce tsohon mai ita haka yake so ƙila. Na harba 40 bayan an ɗaure ƙota, na sama da ƙasan nan na babu dalili sun ɓace, 349 na samu, amma ƙasa ta hagu suna nan guda biyar ko shida, Baba ka ci gari. Tambayata yanzu, in sa a rage kunamar zuwa 500 cif ne? Sannan mutumin ya nuna min kwanan wata a jikin silinda ya ce in lura, ban gama gane me yake nufi ba don Jamusancinsa na ƙauye ne da sauri.

'Yar_Damagaram

Alhamdulillah. A'a kar ka sa 500 cif. Dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ta ce kar ta gaza 500, kuma ana iya gwada ta bayan an gama gasa, in ta kasa ɗaukar nauyin an soke makinka, ga shi zafi da sanyi suna ɗan taɓa sifirin (spring) ɗin kunamar. Ka bar ta wajen 520 ko 530. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne rabon, a mayar da mafi yawan nauyin mataki na farko, kamar 350 zuwa 400, sauran ɗan kaɗan a na biyu, yadda in ka iso bangon ƙaramin ƙari ne zai tayar da ita ba sai ka yi kokawa ba. Ka bar wanda ya sani ya yi, kuma sukurun da ke riƙe haƙorin kunama, wanda galibi ake ɗiga masa fenti, ba a taɓa shi, in aka rage shi da yawa bindiga tana iya tashi da kanta. Ka sa a duba maka inda harshen kunamar yake ma, ana matsar da shi gaba ko baya. In ya yi maka nisa yatsa zai riƙa tura shi ta gefe zuwa hagu maimakon ya ja shi baya sak, kuma hannun dattijon nan ba lallai ya zo ɗaya da naka ba.

Bayan nan sai aikin Baba. Bindigarka tana da maɓallin atisaye da kunama take yin ƙas ba tare da iska ta fita ba, ka tsaya gaban farin bango kullum ko minti goma sha biyar ne, ido kan tsinke, ka ga ko yana motsi lokacin da ta yi ƙas. In ka ɗaga ka wuce daƙiƙa takwas zuwa goma ba ta tashi ba sauke, ka numfasa ka sake, yawancin 7 ɗin nan daga dogon riƙo suke zuwa, hannu ya gaji ido ya gaji sai a fizga don a huta. Kuma kar ka yi mamaki in maki ya ɗan sauka sati na farko bayan an canza kunama.

Silinda kuwa shekara 10 ake ba ta daga kwanan da aka buga a jikinta, in ta wuce ba za su bar ka ka shiga gasa da ita ba a wajen duba kaya, wasu kulob ɗin ma ba za su cika maka ba. Duba shekarar ka lissafa.

Bakatsine_a_Jamus

Na duba hoton da na ɗauka, saura wata bakwai ta cika goma. Kai, ashe sauƙin kuɗin da dattijon ya yi min da dalili. Ana sabunta ta ne ko sai sabuwa?

Injiniya_Mai_Kwana

Ga irin na alminiyom ɗin nan yawanci sabuwa ake saye, ka rubuta wa kamfanin da lambar bindigar su gaya maka wadda ta dace da ita. In ta zo da silinda biyu a akwati duba ɗayar ma, ba lallai shekararsu ɗaya ba. Tsohuwar kuma a sauke mata iska gaba ɗaya kafin a yar.